Yadda Ake Sauya Kalifar Birkin Mai a Keken Hawan Duwatsu

Kalifa ita ce dunƙulen ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki a kusa da cibiyar ƙafar keke, kuma a cikinta ne ake samun fistan biyu ko huɗu waɗanda mai ke turowa su matse takalman birki a jikin faifan duk lokacin da aka ja hannun birki. Noti biyu ne kacal ke riƙe da ita a jikin keken, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar sauya ta aikin minti biyar. Kwance notunan nan biyu kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Daga hannun birki zuwa kalifa hanya ce guda rufaffiya wadda mai ya cika taf, kuma da zarar an raba tiyo da kalifa, iska ta samu ƙofa. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka kumfar iska a cikin man tana sa hannun birki ya yi laushi, in ta yi yawa har ya taɓa kan keke ba tare da keken ya tsaya ba. Duk wanda zai sauya kalifa, to ya san tun farko cewa ya ɗauki aikin fitar da iska tare da ita.

Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a tabbatar cewa kalifar ce ta lalace. Ƙarar birki, ko laushin hannu, ko gogar faifai, babu ɗayansu da ke nuna hakan kai tsaye, domin na farko yawanci takalman da suka sha maiƙo ne, na biyu iska ce a cikin tiyo, na uku kuma rashin saiti ne ko lanƙwasar faifai. Ko fistan da ya liƙe ma sau da yawa datti ne ya kama shi, kuma idan aka cire takalma, aka turo shi waje kaɗan, aka goge gefensa, aka mayar da shi sau da dama, yakan dawo hayyacinsa. Alamun da ke sa a haƙura da kalifa su ne danshin mai a bayan takalma ko a kewayen fistan wanda ke dawowa bayan an goge, ko fistan da ya tsage, ko zaren noti da ya cinye a inda tiyo ke shiga ko a ƙofar fitar da iska, ko kuma tsagewa a jikin kalifar kanta bayan faɗuwa. Akwai kuma wanda kalifarsa lafiya take, yana dai son ya koma mai fistan huɗu saboda dogon gangare, kuma aikin duk ɗaya ne.

Abu mafi muhimmanci wajen zaɓen sabuwa shi ne irin man da birkin ke sha. Iri biyu ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Shimano da Magura da Tektro suna amfani da man ma'adinai, yayin da Hope da Hayes da yawancin nau'o'in SRAM da suka daɗe a kasuwa suke amfani da man DOT, wato DOT 4 ko DOT 5.1. Sunan kamfani kaɗai bai isa hujja ba, domin SRAM ɗin ma ya fitar da nau'o'i masu man ma'adinai irin su DB8 da Maven, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a murfin ɗan tankin mai da ke jikin hannun birki. Dalilin wannan tsanani shi ne zoben robar da ke kewaye da kowane fistan, wanda aka yi shi da irin robar da ta dace da mai guda. Idan ɗayan man ya taɓa shi, sai ya kumbura ko ya ruɓe, kuma lalacewar ba ta tsaya ga kalifa ba, har robobin hannun birki sai ta ci. Haka nan kada a ruɗe da DOT 5, wanda lambarsa ta yi kama da 5.1 amma sinadarinsa daban ne, kuma ba a zuba shi a waɗannan nau'o'in birki. A ganina, mafi kwanciyar hankali shi ne a sayi kalifar kamfanin da ya yi hannun birkin, domin yawan man da hannu ke turawa an auna shi ne da faɗin fistan ɗin da zai tura.

Sai kuma mazaunin kalifar a jikin keke. Yawancin kekunan hawan duwatsu na yanzu suna da ginshiƙai biyu masu zare a ciki, tazarar da ke tsakaninsu kimanin milimita 74, notuna suna shiga ta sama. Tsofaffin kekuna suna da kunnuwa biyu masu tazarar milimita 51 waɗanda notuna ke ratsawa ta gefe, kuma waɗannan sai da adafta, wato ɗan ƙarfen da ake sawa tsakanin kalifa da mazauninta. Akwai nau'i na uku mai shimfiɗaɗɗen mazauni da tazarar milimita 34, wanda ya fi yawa a kekunan titi amma yakan bayyana a wasu kekunan tsere marasa nauyi. Girman faifai ma yana shiga lissafi, domin mazaunin da aka yi wa faifan milimita 160 yana buƙatar adafta kafin ya ɗauki na 180 ko na 203. Idan ba a sauya faifai ba, tsohuwar adafta za ta ci gaba da aiki.

Abu na uku da mutane suka fi mantawa da shi shi ne bakin tiyo. Wasu kalifofin tiyo yana shiga cikinsu a miƙe, ana ɗaure shi da noti mai rami wanda ke matse wani ɗan zobe na tagulla. Wasu kuma bakin tiyon yana da zagayayyen kai da ake kira banjo, wanda noti ke ratsawa ta tsakiyarsa ya shiga gefen kalifa. A birkin Shimano wannan kan manne yake da tiyon tun daga masana'anta, don haka wanda zai tashi daga miƙaƙƙen baki zuwa banjo, ko akasin haka, sai ya tanadi tiyon da ya dace. Shimano ɗin dai yana da tiyo iri biyu, BH59 da BH90, waɗanda kaurinsu na waje ɗaya ne amma ramin cikinsu ya bambanta, kuma kowanne da irin ɗan bututun ƙarfen da ake cusa masa a baki. Ana rubuta lambar a jikin tiyon, sai a duba ta kafin a sayi kayan.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki mai milimita 5 ko mabuɗi mai bakin tauraro T25 don notunan mazauni, sufana mai milimita 8 don notin tiyo, wata mai milimita 7 don ƙofar fitar da iska idan Shimano ne, abin yanka tiyo ko reza mai kaifi sosai, kayan fitar da iska na kamfanin birkin, man da ya dace, toshin robar da ake sawa a gurbin takalma, sifirit mai tsabta irin na aisofurofil, tsummoki masu tsabta, da safar hannu. Sufana mai auna ƙarfin ɗauri ba ado ba ce a wannan aiki, domin jikin kalifa da ginshiƙan keke duk ƙarfe ne mai laushi, kuma zaren da ya cinye a ginshiƙin gaba yana iya jawo asarar da ta ninka kuɗin kalifar sau da yawa.

A ɗora keken a kan abin riƙewa ko a rataye shi, a cire ƙafar da za a yi aiki a kanta, a kai ta nesa da wurin aikin yadda ɗigon mai ba zai kai ga faifan ba. A cire takalman tsohuwar kalifa ta hanyar zare ɗan makullin da ke bakin fil ɗinsu, a kwance fil ɗin, a ɗago su tare da sifirin ɗin da ke tsakaninsu. Ita ma sabuwar a cire mata nata takalman tun kafin a buɗe kwalbar mai, a nannaɗe su a takarda mai tsabta a ajiye can gefe, a sa toshin robar a gurbinsu. Takalmin birki yana shan mai kamar yadda auduga ke shan ruwa, kuma wanda ya sha ba ya wankuwa. Daga wannan lokaci kada hannu ya taɓa hannun birki sai inda aka ce a ja shi.

Ana sassauta notin tiyo ne tun tsohuwar kalifar tana ɗaure a jikin keken, domin keken ne zai riƙe ta yayin da ake murɗawa. A naɗa tsumma a ƙarƙashin wurin, a kwance notin, a zare tiyon, a ɗaga bakinsa sama a ɗaure shi a jikin keken. Muddin ƙofar tankin da ke hannun birki a rufe take, man da zai zubo kaɗan ne. Idan man DOT ne, duk ɗigon da ya sauka a jikin keke a goge shi nan take a bi da sifirit ko ruwa, saboda yana cin fenti. Bayan nan a kwance notunan mazauni biyu, a lura da tsarin washa da adafta kafin a wargaza su. Ɗaukar hoto a waya a nan yana hana gardama daga baya.

Idan bakin tiyon banjo ne, aikin gajere ne: a sa sababbin zobban roba biyu, ɗaya a kowane gefen kan, a ratsa notin, a juya kan zuwa inda tiyon zai bi ba tare da lanƙwasa ko gogar ƙafa ba, a ɗaure gwargwadon ƙarfin da takardar kamfanin ta faɗa. Idan kuwa miƙaƙƙen baki ne, to a nan ne ake buƙatar natsuwa. Zoben tagullar da aka taɓa matsewa ya riga ya ɗauki siffar tsohon gurbinsa, kuma mayar da shi a sabuwar kalifa shi ne tushen yoyon da ba a gani sai bayan mako guda takalma sun jiƙe. A yanke tiyon daidai bayan tsohon zoben, yankan ya zama a miƙe tsaf, domin karkataccen baki ba ya zama daidai a gurbinsa. Kafin a yanka, a tabbatar ragowar tsawon zai isa, ta hanyar juya kan keke iyakarsa dama da hagu, a kuma tuna cewa a keke mai shokozoba nisan da ke tsakanin sassa yana sauyawa idan ana tafiya. A fara zura murfin roba, sannan notin, sannan sabon zoben, a jere haka, sa'an nan a cusa sabon ɗan bututun ƙarfen a bakin tiyon har sai kansa ya zauna daram ba tare da tazara ba. Wanda ya cusa bututun kafin ya tuna da notin ya san ɓacin ran da ake nufi.

A ɗora sabuwar kalifa a mazauninta a ɗan ɗaure ta, a tura tiyon cikin raminta har ƙarshe, a ci gaba da danna shi ciki da hannu ɗaya yayin da ake ɗaure notin da ɗayan, domin in aka sake shi yakan ja baya kaɗan zoben ya matsu a inda bai dace ba. A fara murɗa notin da yatsu tukuna don kada zaren ya hau a karkace. Ƙarfin ɗaurinsa a birkin Shimano yana tsakanin Nm 5 da 7 (Nm shi ne ma'aunin da sufana mai auna ƙarfin ɗauri ke nunawa).

Yanzu sai fitar da iska, wanda shi ne zuciyar aikin. Kalifar da aka sayo ita kaɗai sau da yawa babu mai a cikinta, cike take da iska, kuma iska a cikin mai kullum sama take nema. Saboda haka dabarar ita ce a mayar da kalifa wuri mafi ƙasa, hannun birki wuri mafi sama, tiyo kuma ya miƙe tsakaninsu ba tare da wani tudu da kumfa za ta maƙale a ciki ba. A birkin gaba wannan a shirye yake. A na baya kuwa, inda tiyo ke bin jikin keke yana hawa yana sauka, ya fi kyau a sake kwance kalifar a bar ta tana lilo a ƙasa, ko a ɗaga gaban keken sosai.

A tsarin Shimano, ana juya hannun birki ya kwanta daidai da ƙasa, a kwance ɗan sukurun da ke saman tankin tare da zoben robarsa, a murɗa mazurari a gurbinsa. A cika sirinji da mai, a kore iskar da ke cikinsa da cikin ɗan tiyonsa, a maƙala shi a ƙofar fitar da iska ta kalifa, a buɗe ƙofar kimanin kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a tura man a hankali. Kumfa za ta fara fitowa a mazurarin da yawa, sannan ta ragu. Idan mai zalla ya fara tasowa, a rufe ƙofar. Daga nan a cire sirinjin a sa ɗan tiyo mai zuba cikin leda ko kwalba, a sake buɗe ƙofar a bar man ya gangaro da kansa daga mazurari, ana ƙwanƙwasa jikin kalifa da tiyo da bayan sukundireba don kumfar da ta liƙe a lungu ta saki. A lura kada mazurarin ya ƙafe, domin in ya ƙafe iska ta sake shiga kuma an koma farko. A rufe ƙofar, a ja hannun birki a riƙe, a buɗe ƙofar a rufe cikin ƙiftawar ido sau biyu ko uku, sannan a ɗaure ta. Abin da ya rage shi ne kumfar da ke cikin hannun birkin kansa, wadda ake kora ta hanyar jansa ana saki ana kallon mazurari, ana karkata shi sama kaɗan da ƙasa kaɗan, har sai ba a ƙara ganin ko ɗaya ba kuma hannun ya yi tauri a wuri guda kowane ja. Sai a toshe mazurarin, a cire shi, a mayar da sukurun yayin da man ke cike har baki. Tsarin SRAM sirinji biyu yake amfani da su, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ana tura man tsakaninsu sannan a ja sirinji baya don a zuƙo kumfa, amma manufar ba ta bambanta ba.

Toshin robar nan da aka sa a gurbin takalma yana da aiki fiye da kare su daga mai. Kaurinsa ne ke tsayar da fistan a cikin gidajensu, wanda hakan ke ƙayyade yawan man da zai shiga birkin. Wanda ya yi aikin fistan suna waje zai cika mai fiye da kima, kuma sakamakon shi ne takalman da ke gogar faifai ko da yaushe, musamman idan birkin ya yi zafi man ya buɗe.

A wanke kalifar da sifirit ciki da waje, a sauya safar hannu ko a wanke hannu da sabulu, sannan a taɓa takalma. A zura su tare da sifirin ɗinsu, a mayar da fil da makullinsa. Idan tsohuwar kalifa yoyo ta yi, to faifan ma ya sha mai, sai a goge shi da sifirit da tsumma mai tsabta har tsumman ya daina baƙi. A duba kaurinsa kuma, domin ana rubuta mafi ƙarancin kauri a jikinsa, kuma a faifan Shimano milimita 1.5 ne. A mayar da ƙafar, a tabbatar ta zauna daidai a gurbinta an kuma ɗaure ta tamau, saboda saitin da aka yi a kan ƙafar da ba ta zauna ba zai tashi a banza.

Saitin kalifa shi ne inda ake gane mai haƙuri. Hanyar da kowa ya sani ita ce a bar notunan mazauni a sassauce yadda kalifar za ta iya motsi gefe da gefe, a ja hannun birki sau da dama har takalma su kama faifai, a riƙe shi a ja, a ɗaure notunan kaɗan-kaɗan ana karɓa-karɓa tsakaninsu don kada kalifar ta murɗe. Wannan yana aiki idan fistan ɗin suna fitowa daidai wa daida, amma sababbin robobi sukan sa ɗaya ya riga ɗaya, sai kalifar ta zauna a karkace ta bi wanda ya fi fitowa. Shi ya sa na fi yarda da ido. A sa farar takarda a ƙasa ko a haska tocila ta baya, a leƙa ta saman kalifar, a ga ko faifan yana tsakiyar tsagar jikinta, da siririn haske a kowane gefe daga gaba har baya. Idan faifan yana tsakiya amma takalmi ɗaya ya fi matsowa, a cire ƙafar, a mayar da fistan duka cikin gidajensu da abin ɓare taya na roba, a sake gwadawa, ana danne mai gaggawar don ɗayan ya fito. Kada a yi wannan da bakin ƙarfe, domin wasu fistan na tangaran ne kuma suna tsagewa. Idan gogar tana zuwa ne sau ɗaya a kowane zagaye, to faifan ne ya lanƙwashe, kuma ana miƙe shi a hankali da abin miƙe faifai ko sufana mai tsabta. Yatsu su yi nesa da faifai duk lokacin da ƙafa ke juyawa, ramukansa suna yanka kamar almakashi.

Idan saiti ya yi, a ƙarasa ɗaure notunan. Shimano yana ba da Nm 6 zuwa 8, wasu kamfanonin suna ɗan haura haka, don haka a bi takardar da ta zo da kalifar. A kuma leƙa a ga ko takalman sun rufe hanyar birkin da ke jikin faifan gaba ɗaya. In gefensu na sama ya yi tsalle ya wuce bakin faifan, ko suna cin ƙafafun faifan ta ƙasa, to adaftar ba ta dace ba ko an juya ta, kuma yawanci akwai kibiya a jikinta mai nuna sama. Faifan milimita 200 da na 203 sun yi kama a ido, amma adaftarsu ba ɗaya ba ce.

Sababbin takalma ba sa kamawa sosai sai sun shafa wa faifai wani siririn ɓawo daga jikinsu. A nemi fili mai lafiya, a ɗauki matsakaicin gudu, a ja birkin da ƙarfi daidai har gudun ya koma na mai tafiya a ƙasa, a saki kafin keken ya tsaya cik, a maimaita kamar sau 20, sannan a ƙara kamar sau 10 da gudu mafi yawa. Za a ji ƙarfin kamun yana ƙaruwa a hankali. Bayan haka a ja hannun birki da iyakar ƙarfi na rabin minti, a bi bakin tiyo da ƙofar fitar da iska da bayan takalma da busasshiyar takarda mai laushi, a duba ko ta ɗauko danshi. Da dare a ɗaure hannun birkin a ja da igiyar roba, a shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kalifar. Idan da safe takardar tana da ɗigo, ko hannun ya nutse ya matso kusa da kan keke, to akwai yoyo, kuma wurin da za a fara dubawa shi ne notin tiyo.